Minti Huɗu ta Hubbare

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe, zamanin soja, ni direba ne a gidan wani Alhaji mai fataucin shanu a Sakkwato. Ya samu kwangilar kai nama wata makarantar kwana da ke bayan gari, ya sayi a-kori-kura sabuwa fil, ya danƙa mini makulli. Aikina in ɗauko nama daga kwata da hantsi, in kai wa babban kukun makarantar kafin ya aza tukunya. Wata shida ina yi, ba wanda ya ji kanmu.

Sai babban ɗan Alhaji ya dawo daga karatu a Kaduna da agogon auna gudu rataye a wuya, ya ce daga yau a kira shi Manaja. Har harshensa ya sake, ya bar cewa munka da sunka. Mutum ne mai kirki, ba ya tsawa, amma abin da bai shiga takarda ba, a wurinsa bai faru ba. Ya ce zai auna kowace hanya a san lokacin da take ci, a daina tafiya da ka.

Ni na tuƙa shi ranar awon. Shigarmu hanyar Hubbare, makwancin Shehu, ke da wuya sai ga jiniya, wani babban soja ya gama ziyara zai koma. An kore kowa daga titi, masu tallar goro sun manne da bango. Ban san yadda aka yi muka faɗa bayan motar ƙarshe ba, tsoro kuma ya hana ni taka birki. Muka keta unguwar kamar an harba kibiya. Manaja ya danna agogo ya ce, "Minti huɗu."

Da muka juyo ta Gidan Igwai, hanyar da nake bi kullum in sayi ƙosai wurin wata mata, muka iske ayarin raƙuma ɗauke da albasa, ɗaya ya gurfana a tsakiyar titi ya ƙi tashi. Manaja ya rubuta minti hamsin da biyu.

Na ce, "Manaja, ai raƙumin ga ba nan shika kwana ba."

Ya ce, "Malam, abin da agogo ya gani na rubuta."

Aka buga takardar da tafireta, aka liƙa mini a gilashi. Tashi daga kwata ƙarfe tara, a bi ta Hubbare, isa makaranta tara da kwata.

Washegari na bi ta Hubbare. Na tarar da ita yadda kowa ya san ta: motocin masu ziyara daga ƙauyuka har da na Nijar, jakuna, masu tura kura, tsofaffi suna ƙetare titi suna gaisawa a tsakiya. Ƙudaje suka gano naman kafin in yi rabin hanya. Ƙarfe sha ɗaya na isa. Kukun ya tare ni da ludayi a hannu ya ce, "Ɗaliban ga takarda za su ci da tuwo?"

Manaja ya yi nazari kwana biyu, ya yanke cewa motar ce ba ta da lafiya. Muka kai ta wurin wani bakanike a Sabon Gari. Ya buɗe inji, ya saurara, ya sake filogi don kada a ce bai yi komai ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Motarka garau take. Kawo mai takardar in duba shi."

Daga nan na samo dabara. In fito daga kwata in miƙi hanyar Hubbare, in na sha kwana sai in kewaya ta Gidan Igwai. Na fara isa tara da minti ashirin. Manaja ya yi murna har ya aika wa bakaniken shadda. Ya dinga nuna takardar a majalisa, abokan Alhaji suka roƙa aka buga musu, suka liƙa wa direbobinsu. Duk motocin fatake suka koma Hubbare suka cunkushe, Gidan Igwai ta zama fili. Wata Talata na isa tara da kwata daidai. Manaja ya rungume ni a gaban mahauta.

Asiri ya tonu ranar da abokin cinikin Alhaji, wani dattijo Bakano, zai koma gida ta jirgi. Manaja ya lissafa, ya hana mu tashi da wuri, ya zauna gaba kusa da ni ya ce, "Ta Hubbare." Ba yadda zan yi. Muka maƙale bayan motoci uku, kowace da takardarmu a gilashi, direbobin suna leƙowa suna harararsa. Ya danna agogo, ya girgiza shi, ya kai kunne. Dattijon ya gaji da zama, ya ce bari ya shiga ya yi ziyara. Ya yi alwala, ya shiga, ya yi addu'o'insa, ya sayi tasbaha, ya dawo ya iske mun matsa tsawon mota ɗaya.

Mun isa filin jirgi da lattin awa biyu. Jirgin bai ma taso daga Kano ba. Dattijon ya riƙe hannun Manaja yana sa masa albarka, ya ce shekara goma yana zuwa Sakkwato ba wanda ya taɓa tsara masa ziyarar Shehu sai shi.

A hanyar dawowa Manaja ya ce, "Malam, bi ta inda kake bi."

Na ce, "Ina kuwa nika bi, Manaja?"

Ya ce, "Kukun ya faɗa mini kullum kana kai masa ƙosan matar nan ta Gidan Igwai, da zafinsa. Na ɗauka aikowa take."

Muka bi ta can. Matar tana kwashe kaskon ƙarshe. Ya sauka da kansa ya sayo, ya ce a zuba yaji da yawa. Muka ci a cikin mota, muka wuce gida.