Likitan da Ba Ya Sa Hannu Sai Ya Ga Fuska

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, bakwai ga watan nan, Allah Ya karɓi ranka, Likita. A ƙofar ɗakin gwaji na ji labarin, na je karɓar sakamakon matata.

Marasa lafiya ba su cika sanin irinka ba. Aikinka a can ƙuryar asibiti yake, inda kake duba tsokar da aka yanko a madubin likita. Mu ma larura ce ta haɗa mu. Shekarun baya ƙullutu ya fito wa matata a ƙasan kunne, wurin da ke samar da yawu. Aka gwada, aka ce ƙari ne marar illa. Har mun fara murna, sai ka aiko a kira mu. Ashe ɗabi'arka ce, idan zuciyarka ba ta kwanta da tsokar da aka shimfiɗa maka a kan gilashin gwaji ba, ba ka sa hannu sai ka ga mai shi.

Ka sa ta rufe ido, ta ɗaga gira, ta yi murmushi. Gefe ɗaya na bakinta ya makara.

Ka ce, "Malam, ƙari marar illa ba ya taɓa jijiyar fuska. Akwai kansar da ke ɓad da kama, ta yi shigar mutanen kirki. Ku ba ni lokaci."

Ka sake yanka tsokar, ka sake rina ta, har ka gano wani nau'in kansa ne da ba kasafai ake gani ba. Aka yi mata aiki, ta tashi, ta raini 'ya'yanta. Tun daga nan duk inda muka haɗu sai ka tsokane ni, wai ina zaune da mace ban san murmushinta ba.

Yanzu kumburin ya dawo. Gilasanta suna kan teburinka, ba ka kai ga duba su ba. Likitocin da ka horar sun duba, kuma ba su ɓoye mini ba, kansu ya rabu. Za a tura gilasan wani asibiti mai nisa, mu yi ta jira, idonta na hagu kuwa ya daina rufuwa. Tsoro nake ji, Likita.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka. Ga iyalinka da almajiranka ina miƙa ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙuri. Ni kuma Ya ba ni bakin gaya mata, don har yau takan ce in daina damuwa, ai Likita na nan.