Rakiyar da Baba Bai Dawo Ba

Ƙanshin dakakkiyar gyaɗa da barkono, wato abin da ake ƙulla wa matafiyi, har yau in ya bugi hancina sai Kaka ta faɗo mini a rai.

Lokacin muna tsohon zango na Ankara, inda ake jin rugugin teku daga tsakar gida. Unguwar Nima kuwa tukuna daji ce. Baba sojan Gwamna ne, ƙafa ba takalmi, kai da jar dara. Wata safiya da rani ya shigo a gaggauce, ya durƙusa gaban Kaka, mahaifiyarsa, ya ce an zaɓe su su yi wa wani Bature eskot.

"Mene ne kuma eskot?"

"Rakiya ce, Inna."

"To, in rakiya ce, tashi ka je. Ka dawo kafin tuwo ya huce."

Ka san rakiyarmu: ka taka wa baƙo zuwa bakin gari, ku yi musabaha, ka juyo. Shi ya sa ba ta ƙulla masa guzuri ba, ba ta dafa kansa ba. Shi ma bai gyara mata ba. Ina ga tsoron hawayenta ya ji.

Rani ya wuce. Ruwa ya sauka har garun ɗakinmu ya jiƙe ya zube, Kaka na nan bakin ƙofa tana duban hanya. Sai da masara ta nuna wani abokin aikinsa ya zo, a rame, da darar Baba a hannu. Ya ce zazzaɓi ne, can cikin kurmi a hanyar Kumasi. An jingine shi a gindin bishiya, ayari ya wuce.

Kaka ta tambaya, "Baturen fa?"

"Ya isa lafiya."

"Shi kuma ɗana, wa ya raka shi makwancinsa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

Daga ranar ba ta ƙara taka wa baƙo ba, ko zuwa zaure. Damina ba ta zagayo ta same ta da rai ba.

Yanzu a Nima nake, na fi Kaka tsufa. Jikokina na kiran juna, "Zo ka yi mini eskot zuwa kasuwa," suna dariya. Da nakan ce su ce rakiya. Na daina. Ni kaɗai na rage da na san ba ɗaya ba ne, kuma ba mai tambayata.