Allin Inno

Sunanta na yanka Halimatu Sa'adiya, amma in ka shigo ƙauyenmu da ke yankin Birchi ka nemi mai wannan suna, sai an yi ta kallon-kallo. Ka ce Inno mai alli, nan take a nuna maka gidan. Shekara goma sha shida ke nan tana share makarantar firamaren da nake koyarwa. Shara aka ɗauke ta yi, kuma tana yi, sai dai aikin da ya riƙe makarantar da alli take yinsa.

Mijinta masunci ne a dam ɗin Zobe, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ta yi shekara biyar tana bin gida-gida da masu rigakafin shan inna, a can ta koyi sa alama da alli a jikin ƙofa don a san gidan da aka shiga. Ba ta yi boko ba. Da aikin ya ƙare, Malam Badamasi, hedimastanmu na lokacin, ya ba ta tsintsiya. Bai yi wata ba ya lura cewa matar nan ta san uwar kowane yaro, kuma tana wuce zaure, inda mu malamai maza muke tsayawa. Sai ya ƙara mata da kwalin alli.

Kowace Alhamis in an tashi, takan bi mu aji-aji ta ji wa da wa ba su zo ba a makon. Ba ta rubutawa, a ka take riƙewa. Daga nan ta shiga gari. A bangon zaure, bayan ƙyaure, takan ja layi ɗaya a madadin kowace ranar da yaro ya yi fashi. In ta zana da'ira, ana neman maigidan a makaranta ke nan. Uba ba zai fita masallaci bai gani ba. Uwa kuma ta ji da baki, a tsakar gida, tare da dalili.

Ba kai saƙo kaɗai take yi ba, tana dawowa da shi. Ranar ƙarshe ta kowane zango Malam Badamasi yakan tara mu a inuwar bishiyar bedin da ke gaban ofis don mu duba aikinmu, ya sa Inno ta zauna a kan tabarma ta faɗi abin da mata suka ce. Ba ta rage wa kowa.

"Malam Ashafa," ta ce da ni wata shekara, "mata sun ce ranar kasuwar Dutsin-Ma ajinka maraya ne."

Aka bushe da dariya. Na ce, "Inno, wace ce ta ce?"

"Wadda ɗiyanta ke dawo mata gida tun hantsi. Ko in kira maka sunaye?"

Ban nemi sunaye ba. Ban kuma sake zuwa kasuwar nan ba sai bayan an tashi daga makaranta. A irin wannan zama muka ji cewa manyan 'yan mata suna guduwa gida ne saboda ban ɗakin makaranta ba shi da ƙyaure. Shekara biyu muna rubuta "rashin kula na iyaye" a rahoto, ashe fallen kwano ɗaya da ƙusa goma ne maganin. Wadda ta aiko da maganar ita ce Nana Hadiza, matar Audi manomi, uwar Lubna. Lubna ita ke zuwa ta ɗaya tun aji uku, kuma a gidansu ba a taɓa samun wanda ya shiga sakandare ba. Inno takan ce ba za ta aje alli ba sai ta ga yarinyar nan ta shiga.

Malam Badamasi ya yi ritaya bara. Aka kawo mana Malam Jamaluddeen, wanda yake zuwa a babur daga Dutsin-Ma kullum. Ba mugu ba ne, ba ya makara, ba ya cin mutuncin kowa. Mutum ne da in takarda ta yi kyau ya ɗauka aiki ya yi kyau. A zaman farko na ƙarshen zango ya ga Inno tana shimfiɗa tabarmarta, ya tambaye ni a hankali me mai shara take yi a taron malamai. Na yi masa bayani. Ya ce zamani ya wuce nan, yanzu akwai fom na tantance kai, mai gurabe ashirin da biyar. Ya ce kuma ya buɗe wa iyaye zaure a WhatsApp, saƙo ɗaya ya isa kowa a daƙiƙa ɗaya.

Ya kira ta. "Baba, mun gode da ƙoƙari. Daga yau a daina ɓata wa mutane bango. Allin kuma na aji ne, a maido shi ofis."

Inno ta dube shi. "Malam, wayar nan taka, hannun wa take kwana?"

"Hannun iyaye mana."

"Iyaye maza ko iyaye mata?"

Ya yi murmushi ya ce duk ɗaya ne. Ta kunce bakin zanenta, ta fito da guntayen alli uku ta aje masa a tebur, ta ɗauki tsintsiyarta. Mu malamai takwas muna zaune, babu wanda ya tsaya mata. Har da ni.

Duk wanda ya shekara a garin nan ya san ba ɗaya ba ne. Da zarar an gama girbi, rabin mazan gari sukan tafi Zobe noman rani. Saboda nisa da yanayin hanya, can suke zama sai bayan mako biyu ko uku su leƙo gida. Wayar tana aljihunsu. Mafi yawa ma ƙaramar waya ce da ba ta san WhatsApp ba, mai babbar kuma ba kullum yake da caji ko data a bakin gona ba. Matan da yaran suke hannunsu ba su da komai sai Inno, ita kuma an karɓe mata alli.

Muna tsakiyar hutun zango na biyu, ana zafin bazara, takarda ta zo cewa ranar Laraba 'yan aji shida su je Kurfi a ɗauki hotonsu a rubuta sunansu don jarrabawar shiga sakandare. Za a rufe da azahar. Wanda bai je ba sai baɗi. Hedimasta ya tura saƙon ranar Asabar. Na kira shi na ce ko a gaya wa Inno ta zaga.

Ya ce, "Malam Ashafa, saƙo ya tafi. Ina da shaida a wayata."

Na ce to. Gidan Inno bai kai tafiyar minti biyar daga nawa ba, ban je ba, don kada a ce na tsallake shugaba. Wannan laifina ne, kuma ba fom ɗin da ke da gurbin rubuta shi.

Ranar Laraba da safe motar da aka ɗauko tana tsaye a ƙofar makaranta. Yara talatin da huɗu ne a aji shida, goma sha uku suka zo. Hedimasta yana ta duban waya kamar sauran za su fito daga cikinta. Na hau babur na nufi gidan Inno. Na same ta tana shanyar dawa a ƙofar gida.

Da ta ji, ta ce, "Yau? Yau ɗin nan? Tun yaushe kuka sani?"

"Tun Asabar."

"Kwana huɗu kuna zaune a kan magana kamar kaza a kan ƙwai. Allah shi kyauta."

Ta shiga madafa ta ɗauko gawayi biyu daga murhu, ta ja mayafi. Mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa, ta bi gida ashirin da ɗaya a cikin wannan rana, ni ina biye ina kwasar yara a babur ina kai wa mota. Goma sha huɗu muka samu. Uku an tura su hutu wurin dangi. Huɗu kuma 'yan mata ne da iyayensu mata suka ce ba za su sa su a mota zuwa wani gari ba sai da izinin maigida.

Gidan Audi yana cikin huɗun. Ina tsaye a zaure ina jin su.

"Nana, ki ba ni ita amana," in ji Inno. "Ni zan kai ta in maido ta."

"Inno, kin san halin maigidan nan. Da jiya kika zo da na aika Zobe, da yanzu amsa ta dawo. Ya zan yi in ya zo ya ji ta je Kurfi bai sani ba?"

Na kira lambar Audi sau tara, a kashe. Lubna kuwa tun da ta ji muryar Inno ta sa kayan makaranta, ta zo bakin zaure ta tsaya da takalmi a hannu. Haka muka bar ta. Kafin mu fita Inno ta juya ga bango, inda tsoffin layukan allinta suka dusashe, ta zana da'ira da gawayi, babba. Haka ta yi a duk gidaje bakwai ɗin.

Da aka dawo hutu hedimasta ya kira zaman duba aiki, a ofis, ƙofa a rufe. Yana karanta fom muna cewa e. Ya iso gurbi na goma sha ɗaya, ya karanta, "Sanar da iyaye: an yi, a kan lokaci," ya ɗaga biro ke nan aka yi sallama. Maza bakwai ne a waje, Audi a gaba, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Ba wanda ya aika musu su zo. Sun dawo daga Zobe ne suka ga da'ira a zaure, suka yi abin da suka saba yi shekara goma sha biyar.

Audi ya zaro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba, ya aje a kan fom ɗin. "Malam, ga ta nan. An ce ita ka faɗa wa. Tambaye ta mi ya sa ba ta faɗa mini ba."

Hedimasta ya fara bayanin matsalar sabis. Sai ga muryar Inno ta taga, tsintsiya a hannu.

"Bango dai ba ya neman caji, Malam."

Ba wanda ya yi dariya. Audi ya ce shi bai zo faɗa ba, tambaya ɗaya gare shi: akwai yadda za a yi Lubna ta zauna jarrabawar bana? Hedimasta ya ce ya je ya roƙa har sau biyu, an riga an tura sunaye. Gaskiya ya faɗa, ya je. Audi ya ɗauki wayarsa, suka fita.

Washegari Malam Jamaluddeen ya ba ni sabon kwalin alli ya ce in kai wa Baba. Na ce ai tana nan bayan aji huɗu tana shara, ya kai mata da kansa. Ya ce yana da aiki. Ni na kai. Ta karɓa, ranar Alhamis ta bi mu aji-aji kamar da. Na ga rahoton da aka rubuta a ƙarshen shekara. A gurbi na goma sha ɗaya an sa: "Makaranta ta ƙirƙiro sabon tsarin ziyarar gida-gida." Babu sunan kowa.

Lubna tana ajina a bana, aji shida karo na biyu, tana karanta littafin da ta haddace tun bara. Biyu daga cikin bakwai ɗin ba su dawo ba sam. Da'irar gawayin tana nan a zauren Audi. Nana Hadiza ta so ta wanke bangon kafin sallah, ya ce a bar ta sai ranar da aka ɗauki hoton yarinyar.