Hannun Mama Liyatu

Shekara ashirin da takwas, ƙarfe bakwai na safe ba ta taɓa yi wa Mama Liyatu a gidanta na Sauka Kahuta ba. Tana ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, tana wasa wuƙa. Tsokar da aka ciro a tiyata ita ake kai wa. Ta daskarar da ita cikin kaki, ta yanka ta fi ɓawon albasa siranta, ta rina, ta ɗora kan gilashi likita ya duba da madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Watan jiya ta yi ritaya, ko lemo ba a raba ba. Abin kunya ne.

A 2009 aka kawo Shekwolo, wani masunci daga madatsar ruwan Tagwai, da kumburi a ƙasan kunne. Shekara uku dangi na cewa hangum ne, suna shafa masa laka. Wane hangum ne ke shekara uku? Aka cire ƙullutun daga tsokar da ke samar da yawu. Likita ya duba gilashi ya ce ba mugu ba ne. Shekwolo ya koma gida.

Hankalin Mama Liyatu bai kwanta ba. Lokacin yanka ta ji wuƙar ta cije a gefe guda, kamar tsakuwa cikin tuwo. Ba wanda ya sa ta, ta narkar da kakin, ta juya tsokar, ta sake yankawa ta wannan gefen.

"Likita, ƙara duba wannan."

"Mama, na riga na sa hannu. Ko ke ma kin zama likita?"

"A'a, ɗana. Kai ke da ido, ni hannu gare ni. Hannun nan bai yarda ba."

Ya daɗe a kan madubin. Ciwon daji ne, irin wanda ba kasafai ake gani ba, ya laɓe a ƙuryar ƙullutun. Likita ya yaga takardarsa, Allah Ya saka masa.

Shekwolo ba shi da waya. Ita ta hau acaɓa har Tagwai, ta iske shi yana ɗinkin koma.

"Madam, ai na warke!"

"Ajiye komar nan, Baba. Da saura."

Aka sake tiyata kafin ciwon ya yaɗu. Bara Shekwolo ya aurar da 'yarsa, har ya taka rawa.

Mama Liyatu, ke ce ba ki taɓa cewa "ba aikina ba ne" ba. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma matasan da kuka gaji kujerarta, in wuƙa ta cije, kada ku yi shiru. Ran mutum ne a ƙarƙashinta.