Ranar da Na Auna Lungun Gidanmu a Tanut

Ana kiran assalatu muka ɗora kaya a mota, muka bar Damagaram tun masu ƙosai ba su hura wuta ba. Mu uku ne: direba, da abokiyar aikina mai rubuta abin da aka auna, sai ni mai riƙon igiyar awo. Ga waɗanda ba su san sana'armu ba, gari muke aunawa. Mukan duba hotonsa daga sama a ordinata, wato kwamfuta, mu ƙirga rufin gidaje, mu ga inda suka cunkushe, sannan mu sauko ƙasa mu auna faɗin tituna da lunguna. Duk lungun da motar asibiti ba za ta iya shiga ba, sai a ja masa jan layi, meri, wato hukumar gari, ta faɗaɗa shi idan ta tashi. Faɗaɗawa kuwa, ku sani, rushe ginin wani ne. To, cikin unguwannin da aka ba mu wannan karon har da wadda aka haife ni a Tanut, ban kuma gaya wa kowa a motar ba.

Belbeji muka fara nufa. Kwalta ta ɗan raka mu ta sallame mu, daga nan sai gargada. Direbanmu yana ta rantsuwa ya san kowane rami na hanyar, kuma gaskiyarsa, don babu wanda bai faɗa ba. An gama girbi, gonaki sun koma kara, ga rumbuna a bakin ƙauyuka da sababbin jinkarsu.

Mun tarar da kasuwa ta cika: Buzaye da rawunansu, matan Fulani da ƙoren nono, ga kukan raƙuma ta ko'ina. Cuku ya yi tsada bana, kai! Na yi ƙorafi, mai sayarwa ta ce in je in tambayi shanu. Aiki a Belbeji bai ba mu wahala ba, garin yana da fili, titunansa a buɗe suke. Matsalarmu ɗaya wani raƙumi da ya zo ya durƙusa a kan igiyata a tsakiyar titi. Mai shi ya ce mu yi haƙuri ya gama tuƙa, ya kuma zaunar da mu ya dafa mana shayi. Haka muka sha shayi muna jiran raƙumi ya ga dama.

Washegari muka bi ta kwarin Tarka muka yi gabas. Rairayi ya riƙe motar, muka fito muka tura har rigata ta jiƙe sharkaf. Wasu makiyaya a bakin rijiya suka taya mu, suka ba mu fura mai sanyi a ludayin duma. Tun daga nan jikina ya fara yin wani iri. Hayaƙin karan gero, da yadda mutanen yankinmu na Damargu ke jan gaisuwa ba sa gajiya, duk suka taso mini da gida. Abokan tafiya suna ta hira, ni kuwa ina kallon taga. Wallahi kewa ce ta kama ni.

Tanut ta girma, har na rasa hanyar shiga. Sababbin unguwanni sun miƙe sambal, gidan siminti a jere, titi ya haɗu da titi kamar zanen dara. Sai da muka kutsa tsohon gari na gane ƙasata. Nan babu layi miƙaƙƙe ko ɗaya. Kowane lungu yana karkata ne don ya kauce wa ɗakin wani ko bishiyar wani, ni kuwa na san masu su duka, ko da yake da yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Da la'asar muka iso lungunmu. Zauren Baba yana nan, ya ɗan turo gaba cikin hanya kamar yadda na bar shi. A ciki yake zama yana ɗinkin jakunkunan fata, mu kuma muna wasa a ƙofa yana kora mu. Har yanzu warin jima bai bar bangon ba.

Abokiyar aikina ta kama bakin igiya ta dafa a katangar maƙwabta, ni na ja nawa zuwa bangon zaure. A aikinmu igiya sai ta miƙe tsaf, don idan ta yi ciki awon yakan ƙaru. Na sani sarai. Amma hannuna ya saki, igiyar ta lanƙwasa har tana shafar ƙasa.

"Malam, igiyarka ta yi ciki, ja ta," in ji ta.

Na ja. Lungun bai kai faɗin da ake buƙata ba, saura kamar kamu ɗaya.

Muna nan sai ga Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage a gidan. Ta fito da sanda, ta ƙura mini ido, sai ta ce, "Babana! Kai ne da igiya a ƙofar gidanku kamar baƙo?" Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa take kirana haka. Abokiyar aikina ta dube ni, ta dubi zauren, ta sunkuyar da kai.

Muka shiga, aka kawo ruwa da dambu. Na yi wa Gwaggo bayanin jan layi ban ɓoye komai ba.  Sai ta ce da daminar nan matar maƙwabcinmu ta yi doguwar naƙuda, a tabarma aka ɗauke ta zuwa bakin titi saboda mota ta kasa shigowa, da ƙyar aka ceto ta.

"Rubuta abin da ka gani," ta ce. "Amma makarar Yaya ta nan ta wuce, ba ta taɓa bango ba."

Ina karatu a Yamai Baba ya rasu. Kafin labari ya iske ni an riga an kai shi, ban ga fitarsa ta wannan lungun ba. Gwaggo ta raka mu har ƙofa, ta kama hannun rigata.

"In za su rushe, ka zo ranar. Kada a sake yi ba ka nan."

Washegari da hantsi muka kamo hanyar Damagaram, kwalta ce har gida, amma ban ji daɗinta ba. Da na koma biro, wato ofishinmu, na shigar da awon yadda yake, jan layi ya ratsa zauren Baba. Tafiyar nan ta koya mini cewa abin da nake gani ɗan murabba'i a hoto, wurin zaman uban wani ne, kuma aikin yana da amfani duk da haka, ko da zuciya ba ta so. Na roƙi mutanen meri su sanar da ni tun kafin a kawo diga. Ban san ranar ba, amma duk lokacin da wayata ta yi ƙara daga Tanut, sai in ajiye abin da nake yi in ɗauka.