Macijin da Ya Rasa Ƙaramar Hukuma

Gonar gyaɗata tana kan iyaka: in na yi atishawa a Gaya, a Ajingi ake yi min addu'a. Shi ya sa ranar kwashe gyaɗa na gayyato ɓangarorin biyu, baffana da mutanen Balan ta Gaya, yayan matata da mutanen Gafasa ta Ajingi. Gyaɗa ta bushe a tsibi, ga hadari yana haɗowa daga gabas. In ya sauka a kanta, aikin shekara ya ruɓe.

Ana cikin aiki sai aka ga wutsiyar maciji ta shige ƙarƙashin babban tsibin. Wutsiya kawai. Amma kafin in juyo, ƙattin da ke cika baki sun kai bakin hanya, wani ma har da hawa tsamiya.

Baffa ya gyara hula ya ce, "Kasa ce. Ga ƙiba ga son barci, ai 'yar Ajingi ce. Ku zo ku ɗauke 'yar'uwarku."

Yayan matata ya ce, "Haba Baffa! Kububuwa ce, gajera mai masifa. Wannan hali kuwa sai Gaya."

Nan fa aka zauna rabon macizai kamar gado. Gamsheƙa mai fasa kai aka ba mutanen birni. Mesa aka bar wa 'yan siyasa, tunda ba ta tauna. Aka kuma yanke cewa masu maciji su ne za su ɗaga tsibi, sai kowa ya rantse garinsu ko tsaka babu.

Na ce, "Jama'a, gyaɗata!" Baffa ya ce in yi shiru, ana maganar ilimi.

Da ɗigon farko ya faɗo min a ƙeya, na ɗaga murya: "Ni na gan shi da idona! Ba namu ba ne, daga Jigawa ya tsallako!"

Baffa ya miƙe. "Baƙo? A gonar ɗanmu?"

"Ba ko sallama?" in ji yayan matata.

Gaya da Ajingi suka haɗu da sanduna, suka rufe tsibin da duka kamar ya zagi iyayensu. Maciji dai ba a gan shi ba. Gyaɗa kuwa ta sussuke, rabinta har ta kusa zama ƙuliƙuli. Muka ɗure ta a buhuna, muka jibga a amalanke, kuma tana shiga zaure ruwa ya ɓarke.