Tururuwar Bayan Randa

Baba ya zo mana daga ƙauyenmu Droum da kyanwa a cikin kwando. Shekarar da Inna ta rasu ke nan, idonsa kuma ya yi rauni har ba ya bambanta gero da ciyawa a gona, sai muka taru muka matsa masa ya dawo wurina nan birni, unguwar Zango. Bai so ba. Yayana ne ya sako shi a mota kusan da faɗa, kuma sharaɗi guda ya kafa mana: ƙafarsa ƙafar kyanwar Inna.

Kyanwar nan ba wata kyakkyawa ba ce, kada in yi ƙarya. Ja ce mai yagaggen kunne, ga shan ƙamshi kamar ita ta gina gidan. Ni tun ina yarinya ba ma shiri da kyanwa. Amma na ga yadda tsohon nan yake zama a bakin ɗakinsa bayan la'asar, tana kwance a kan ƙafarsa, yana ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya sayar da gona, hirar da mu ba ya yi mana. Mu abin da muke samu magana ɗaya ce kullum: "Damina na faɗuwa zan koma." Ni kuwa na san in ya koma shi kaɗai zai zauna a wancan gida, ba ido, ba mai ɗora masa tukunya, ga rijiya a buɗe a bayan danga. Duk ranar da ya faɗi haka ba na iya cin abincin kirki.

Ana cikin haka sai tururuwa ta sauka mana. Shekara da shekaru muna gidan nan, abin da na sani kiyashi ne mai bin gwangwanin sukari, shi ma in ka rufe da kyau ya ƙyale ka. Wannan kuwa baƙar tururuwa ce, manya-manya irin ta bakin gona. Daga gindin katanga take fitowa, bayan babbar randa, ta ja layi ta ratsa tsakar gida, ta shiga ɗakin girki, ta hau buhu, ta hau tabarma, ta cika kwanon kyanwa. Rannan ta ciji maigida a ɗan yatsan ƙafa yana alwala, ya yi tsalle har buta ta kife.

Maigidana mutumin kirki ne, wannan ba na musu. Amma ma'aikacin biro ne, wato ofis, mai son tsabta har ta yi yawa, kuma a ganinsa babu abin da ba a sayar da maganinsa a kasuwa. Ya ce zai sayo farar hodar nan ta kashe ƙwari ya barbaɗa, a wuce wurin. Na ce a'a, ba a gidan nan ba. Dabbar da ke yini tana lasar ƙafarta, a ƙasa take ci, a ƙasa take birgima, ita za a shimfiɗa wa guba a hanya? Ya ce to in yi nawa ya gani.

Na kuwa yi. Na zagaye gindin katanga da toka. Na jiƙa ganyen dogon yaro na yayyafa ruwan. Na ɗora buhun gero a kan benci, na sa ƙafafun bencin cikin gwangwanaye masu ruwa. Kwanon kyanwa na ajiye shi a tsakiyar faranti mai ruwa, ta zo ta dube shi, ta dube ni, kamar na zage ta. Shara kuwa har bayana ya ƙage. Abin ya yi aiki a ɗakin girki, sun bar buhu sun bar kwano. Amma bayan randa, wayyo! Kullum safiya sai in tarar sun ƙaru, kamar ana aika musu goron gayyata. Na rasa me suke samu a wurin da ban da laima babu komai.

Wata Litinin na tafi suna unguwar Kara-Kara tun da hantsi. Na dawo wajen azahar, ina shigowa zaure wani wari ya bugi hancina. Na ga farin layi tun daga randa har ƙofar ɗakin girki, tururuwa a ƙanƙame a kai, baƙi ƙirin. Ashe maigida ya jira na fita, ya barbaɗa abinsa, ya hau moto, wato babur ɗinsa, ya tafi biro.

Baba yana zaune a bakin ɗaki, kyanwa a cinyarsa. Ya ji takuna ya ce, "Ke, zo ki duba mini. Jikinta bai yi mini daidai ba."

Shi hannu kawai yake da shi na gani, ni nake da ido. Miyau yana dalala daga bakinta har ya jiƙa masa riga, jikinta yana karkarwa, tafin ƙafarta fari fat. Na ce innalillahi. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga, ta ce a ɗura mata madara, wata daga can ta ce a'a, man gyaɗa. Ban tsaya jin sauran ba. Na fizge ta daga cinyar Baba, na wanke ƙafafun da sabulu a bakin famfo, na naɗe ta a zane, na fita da mayafin sunan a kafaɗa na tare kabu-kabu.

Mai moton ya ɗauka jariri ne. Da ta yi wani ɗan kuka ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kyanwa ce? Kyanwa za a kai likita?" Na ce masa ya dubi gabansa, in ya kayar da mu ni da shi ne.

A asibitin dabbobi, wanda mu nan muke ce wa elbaj, na tarar da maza da raguna da wata saniya mai kumburin wuya, kowa ya juyo yana kallon mace da ado ta rungumo kyanwa. Wani dattijo ya ce ai irinta kyauta ake bayarwa a kowane lungu. Na ce masa Allah ya ba ragonsa lafiya, shi ma akwai irinsa a kowace kasuwa. Likitar wata mata ce mai sanyin hannu, ba ta yi dariya ba. Ta tambayi irin hodar, ta ce gara da ban ɗura mata komai ba don da ta shaƙe, ta sake wanke ta sosai, ta yi mata allura. Ta ce in sa ta wuri mai inuwa, in kwashe duk ƙasar da hodar ta taɓa, sauran kuma na Allah ne.

Na dawo na kwantar da kyanwar kusa da Baba, na tuɓe kayan suna, na ɗaure hanci da ɗankwali, na ɗauki fartanya. Haushi ne ya ba ni ƙarfi. Ina kankare ƙasa ina zubawa a tsohon buhu, ina tsara maganar da zan tari maigida da ita. Da na iso bayan randa na mirgina ta gefe, sai na tsaya. Gero ne a wurin, tsabarsa zube a bakin ramin, wani sabo, wani har ya fara tsiro saboda laima. Buhuna kuwa yana can bisa benci a ɗaure.

Na ce, "Baba, wa yake zuba gero a bayan randa?"

Ya shafa bayan kyanwa. Can ya ce, "Ni ne. Sadakar uwarki ce."

Ya ce tun ranar da aka kai Inna makwancinta, kowace safiya bayan salla yakan je bakin gona inda akwai gidan tururuwa, ya zuba musu tafi guda, ladan ya je mata. Haka ya ga ubansa yana yi wa nasa. Ya ce sadakar tururuwa ta fi kwanta masa a rai, don ba sa godiya kuma ba sa gaya wa kowa. Da muka kawo shi birni ya rasa inda zai kai. Rannan yana laluben moɗa sai ya ji ɗan rami a gindin katanga, ƴan ƙwari suna bi ta kan yatsunsa, ya ce alhamdulillahi, a nan ma akwai su. Geron kuma daga ƴar jakarsa yake ɗiba, ragowar wanda Inna ta sussuka da hannunta kakar ƙarshe.

Wallahi na buɗe baki zan yi faɗa. Wata nawa ina shara, ina toka, ina rigima da mijina, ashe mai kiran baƙin yana zaune yana jin mu! A ƙauye gidan tururuwa yana can nesa da rumbu, ba wanda ya damu. Nan kuwa taku kaɗan ne tsakanin randa da tukunyata. Amma kafin in ce komai ya riga ni.

"Ashe ni na tara su aka kashe su," ya ce. "Ga wannan ma na kusa kashewa. Na ɓata wa mutum gidansa. Gobe ki nemo mini mota."

Nan faɗan ya mutu a bakina, tsoro ya maye wurinsa.

Maigida ya dawo da la'asar yana fara'a, yana jiran a yaba masa. Na ja shi ɗaki na rufe ƙofa, don ba a yi wa miji faɗa gaban surukinsa. Abin da na faɗa masa ba na rubutawa ba ne. Ya fito jiki a sanyaye, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban Baba. Kunyar surukuta ta hana kowa ya faɗi abin da ke ransa. Wannan ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Wancan ya ce, "A'a, ni ne da ban haƙuri, gidanka ne." Wannan ya ce, "Haba Baba, gidanka ne." Suka yi ta miƙa wa juna gidan, ni ina tsaye ina kallon cikin kyanwa, ko yana ɗagawa.

Washegari da safe ta ɗaga kai ta lashi ruwa. Ban taɓa zaton zan yi wa kyanwa hawaye ba, amma na yi, ba kaɗan ba. Na ce wa Baba ai ba a tafiya da maras lafiya, ya bari ta warware tukun. Ya yarda da wannan, ni kuma na san aron lokaci kawai na yi.

Sai na shiga neman gidan tururuwa a cikin Zango, ni da na sha alwashin ganin bayansu. Na bi lungu-lungu ina duban ƙasa, har mata suna tambaya ko ɗankunne na yar. A bayan masallacin unguwa akwai wani fili da ba a gina ba, da manyan duwatsu da wata tsohuwar aduwa. A gindinta na same su, gida guda babba, da hanyoyinsu sun bi ta ko'ina, ba gidan kowa kusa. Na yi murna kamar na tsinci zinariya.

Na riƙo sandar Baba na kai shi. Ya tsuguna ya shimfiɗa tafinsa a ƙasa, suka hau. Ya ce, "Waɗannan ai sun fi na Droum ƙiba." Ya kwance jakarsa ya zuba, ya yi addu'arsa a hankali. Da farko ni nake kai shi, daga baya ya haddace hanyar da sandarsa, bango-bango, tun daga ƙofar masallaci.

Na bayan randa kuwa, Baba ya roƙa kada a toshe ramin da sauran masu rai a ciki. Muka bar su. Ba gero, ba ɓarɓashi, na mayar da randa wani wuri don laimar ta bushe, na ci gaba da toka da shara. Suka yi ta raguwa har wata safiya na leƙa ban ga ko ɗaya ba. Sannan maigida ya kwaɓa siminti da hannunsa, shi da ba ya son ƙura a takalmi, ya shafe gindin katangar. Ragowar hodar shi ya fitar da ita daga gidan, ban ma sake tambaya ba. Da jakar Baba ta kusa ƙarewa, ya sayo tiyar gero ya ajiye a bakin ɗakinsa bai ce uffan ba, shi ma Baba bai ce ya gani ba. Kyanwa ta murmure, ta koma shan ƙamshinta, sai dai har yau in maigida ya shigo takan tashi ta bar masa wurin.

Da aka yi ruwan fari yayana ya zo daga Droum, ya ce an fara shuka, ya zo ya ji ko Baba yana nan kan maganarsa. Ina bakin murhu, ludayi a hannu, na kasa juya miyar. Baba ya tambayi gona, ya tambayi wanda ya samu iri da wanda bai samu ba, ya yi ta jan zance har na ji kamar in yi ihu.

Can ya ce, "Ku shuka. Ni ina da masu jirana a nan kullum safe. In na tafi, wa zai kai musu na uwarku?"